Mai Gyaran Agogo da Tattalin Bugun Zuciya

Ranar Talata, sha bakwai ga wata, da ƙarfe tara da minti huɗu na safe, mai gyaran agogon layinmu, wanda muke kira Injiniya don a zauna lafiya, ya shaida wa abokan hirarsa cewa sai ya shekara ɗari da hamsin.

Hujjarsa, ɗan'uwa, ita ce zuciya agogo ce da aka wana sau ɗaya, bugunta ƙidayayye ne. Mai gaggawa da mai dariya ɓarnar bugu suke yi. Mai hankali kwanciya yake, ya yi tattali.

Tela da tsohon direba suka bi shi. Aka shimfiɗa tabarmi uku a shagon, aka haramta tafiya da musu. Tela ya tsere a rana ta biyu, wai shirun ya fi mutuwa. Direba ya kai kwana biyar, ya yi atishawa, Injiniya ya kore shi saboda almubazzaranci.

A kwana na tara ƙudaje suka dame shi, korarsu kuma asarar bugu ce, sai ya lulluɓa da farin mayafi har kai. Maƙwabta suka leƙo, suka yi salati, suka zauna zaman makoki. Yana jin su, ya ƙi motsi. Aka yabi haƙurinsa, ya ji daɗi a hankali.

Sai wanzami ya yi ajiyar zuciya. "Allah Ya jiƙansa. Amma gaskiya bai taɓa gyara agogo ya tashi ba."

"Ƙarya kake, mai yankan kunne!" in ji gawa.

Jama'a suka watse, har da masu barin takalma. Injiniya ya zabura zai bi wanzami, bayansa ya ce ƙas, ya ƙage. Bugun da ya tara a kwana tara ya ƙare kafin azahar.

Gyatumarsa, mai shekara casa'in da takwas, ta taso a ƙafa daga ƙarshen gari. Ta dube shi, ta ce, "Matsa, ɗan nan, in share wurin."

Bai iya matsawa ba.

Waɗanda suka rage a shagon bayan haka: agogo goma sha ɗaya, duk a tsaye, takalma bakwai, babu masu su, Injiniya, a kwance, da tsohuwa, tana shara tana kewaye shi.