Farfesan Fotokwafi da Maganin Gwiwa

Wani mutum ne a unguwarmu sunansa Malam Namadi, amma in kana so ya waiwayo da wuri, ce masa Farfesa. Ba wata jami'a da ta ba shi sunan. Shagon fotokwafi gare shi daf da ƙofar jami'a, shekara da shekaru yana kwafe wa malamai da ɗalibai takardun bincikensu. Ɗabi'arsa ita ce, kafin inji ya gama tofo takarda, ya karance shafin farko. Na farko kawai. Shafi na biyu bai taɓa samun arzikin ganin idonsa ba.

Da haka ya zama masanin komai. Da la'asar sakaliya sai ya rufe shago ya nufo majalisa, gindin darbejiyar da ke gaban shagon Tsalha mai wanki da guga. Kowa a benci yake zama. Kujera ɗaya ce tal, ta roba mai hannu, kuma ko mai unguwa ne ya riga zuwa ba ya hawa. Ta Farfesa ce. Zai zauna, ya jingine sandarsa, ya gyara zaman tabarau, ya ce, "Bincike ya nuna..."

Yau bincike ya nuna za a iya shimfiɗa kwalta da tsohuwar leda. Gobe bincike ya nuna sauro ya fi son mai cin ayaba. Jibi bincike ya gano abin da ke tayar da farashin masara. In wani ya matsa ya ce, "To Farfesa, mene ne ke tayar da shi?" sai ya ɗaga kai ya dubi rana, ya ce lokacin salla ya gabato. Nan shafin farko ya ƙare ke nan.

Mutum ɗaya ne ba ya raga masa, wato Tsalha. Taubashinsa ne, saboda haka bakinsa ba linzami.

"Farfesa," in ji shi, "binciken nan naka bai taɓa nuna maka maganin gwiwarka ba? Kullum in za ka tashi sai ka ce wash, kamar tsohuwar ƙofa."

"Kai da ba ka san komai ba sai gawayi da shuni, me zan gaya maka?"

Ana nan, ran nan sai ga mai unguwa tafe da wata likita daga jami'a, Dakta Asabe. Mace ce marar hayaniya, magana ɗaya-ɗaya kamar mai auna gishiri. Ta durƙusa ta gaida dattawa, ta ce suna gwajin wani sabon maganin ciwon gwiwa, suna neman masu ciwon da za su yarda su shiga.

Ta ce, "Amma iyayena, ga yadda abin yake. Rabinku za su samu maganin na gaske. Rabi kuma za su samu ƙwaya mai kama da shi sak, launi ɗaya, girma ɗaya, sai dai ba magani a cikinta. Ba wanda zai san wacce ya samu. Ni kaina ban sani ba. Lamba ce kawai a jikin kwalba, sirrin lambobin kuma yana hannun wasu a wani gari. Sai an gama za a buɗe."

Wani tsoho ya ce, "To 'yar nan, yaudarar ta mece ce?"

"Ba yaudara ba ce, Baba, tunda ga shi na gaya muku. Mutum in ya sa rai cewa ya sha magani, sau da yawa sai ya ji sauƙi, ko da ruwa aka ba shi. Mu so muke mu raba sauƙin magani da sauƙin sa rai. Za mu riƙa ɗibar jini lokaci-lokaci. Roƙona ɗaya ne, kowa ya sha nasa."

Namadi ya yi ta gyaɗa kai, irin na malamin da ɗalibarsa ta kawo hadda daidai. Shi ya fara ba da suna. Tsalha ya bi baya, don shi ma tsayuwar guga ta gama da gwiwoyinsa.

Motar likita na tashi, Farfesa ya kwashe da dariya.

"Wai ba wanda zai sani! Ni za a ɓoye wa? Irin wannan bincike na kwafe shi ya fi a ƙirga. Ko a cikin duhu aka sa mini ƙwaya a baki, kafin ta wuce maƙogwaro na gane ta."

Tsalha ya ce, "In kuma ba ka gane ba fa?"

Namadi ya daki hannun kujera, ɗas! "Jama'a ku shaida. In na sha ta bogi ban gane ba, a tuɓe mini Farfesa, kujerar nan kuma na bar wa mai guga."

Majalisa ta ce ta shaida.

Aka raba kwalabe, kowa da tasa wadda za ta kai shi ƙarshen gwaji. Namadi ya sha ta farko, ya zauna yana saurare. Shiru. Ya sha ta biyu, ya kasa kunne a jikinsa kamar mai jiran a kawo wuta. Ko gezau. Ba jiri, ba gumi, ba ɗacin baki. Shi kuwa tun yana yaro ya san magani na ƙwarai sai ya motsa jiki, ya tayar da cuta tukuna ya kore ta. Maganin da ya shiga ciki ya kwanta lamo, ai wannan baƙo ne, ba magani ba.

Kwana kaɗan sai ya tarar da Tsalha a bakin shago da kwanon ɗanwake a gabansa, yana ci yana shafa ciki. Ladi matar Tsalha ce ta fara sana'ar ɗanwaken a 'yan kwanakin, wanda ya yi kwantai kuma shi ake turo wa.

"Kai, taubashi," in ji Tsalha, "tun da na fara shan ƙwayar likitar nan cikina ke ƙugi. Ƙululu, ƙululu, kamar hadarin gabas. Ga gyatsa."

Namadi ya maimaita a ransa: Ƙugi. Gyatsa. Magani ya motsa jiki ke nan. Wato na gasken ya tsallake masani ya faɗa hannun mai guga, shi kuma an haɗa shi da fanko. To in aka buɗe lambobi aka ga Tsalha ya warke shi yana nan da wash, ina zai sa kansa?

Ya ce, "Sannu. Zai wuce."

Washegari ya ɗauko babbar rigarsa, wadda ba abin da ya same ta, ya kai guga. Ya zaɓi lokacin da dutsen guga ya huce. Tsalha ya zagaya baya ɗebo garwashi, ya bar 'yar shararsa rataye a ƙusa, kwalba na leƙe daga aljihu. Namadi bai musanya kwalaben ba, ai masani ne, ya san da lamba a jiki. Hularsa ya cire ya juye ƙwayoyin Tsalha a ciki, ya ɗura masa nasa, ya kwashe na hula ya zuba a tasa kwalbar. Kafin Tsalha ya dawo yana hura garwashi, Farfesa na zaune yana jan carbi.

To daga ranar fa abin mamaki ya fara. A daren farko ya ji wani ɗumi ya sauka a ƙafarsa. Kwana uku ya daina cewa wash. Mako bai cika ba ya rataye sanda a shago. Ya koma salla a sahun gaba, ruku'u da sujada cak-cak, har yana riga liman ɗagowa. Ranar kasuwa aka gan shi ya tsallake kwata da ƙafa ɗaya, ba don ba hanya ba, sai don akwai masu kallo.

A majalisa kuwa an huta da leda da sauro. Karatu ya koma kan gwiwa.

"Ina jin sa sarai," in ji shi. "In na haɗiya, sai ya bi ta jijiyar nan, ya gangaro, ya zauna a kan ƙoƙon gwiwa yana zuba mai kamar bakanike. Wannan sai wanda ya san kimiyya. Kai Tsalha, ya taka gwiwar?"

"To, da dama-dama. Na ga ina kaiwa magariba a tsaye ban zauna ba."

"Sa rai ne kawai. Ta bogi aka ba ka, ko a idonka na gani. Ka yi haƙuri, bincike dole sai da irinku."

Ranar buɗe sakamako aka taru a filin makarantar firamare. An kafa rumfa, an kawo lasifika, har da wani ɗan jarida daga gidan rediyo. Namadi ya sha shadda sabuwa fil, wadda Tsalha ya buga mata sitaci har tana ƙara in ya motsa.

Dakta Asabe ta yi bayani a taƙaice. Ta ce maganin ya taimaka, amma ba sosai ba. Waɗanda suka sha na gaske sun fi samun sauƙi da ɗan kaɗan, kuma sai an sake gwadawa a wasu garuruwa kafin a ce komai.

Farfesa bai jira an kira shi ba. Ya miƙe ya karɓe lasifika.

"Likita, kunya ce irin ta mata ta hana ki faɗa. Wane irin ɗan kaɗan? Jama'a ku dube ni!" Ya tsuguna, ya miƙe. Ya sake tsugunawa, ya miƙe, shadda na ƙaras-ƙaras. "Da sanda na shiga binciken nan. Ina sandar? Ni tun ƙwayar farko na san na gaske nake sha. Ɗan jarida, rubuta: Farfesa Namadi."

Aka yi tafi raf-raf. Likita ta jira ya lafa, ta ce duk mai son sanin abin da ya sha ya same ta a ofis, za ta gaya masa a keɓe.

"A keɓe? A'a. Nawa a faɗa a nan."

"Baba, da dai ka zo ofis ɗin."

"Likita, wanda bai yi sata ba ba ya tsoron bincike. A lasifika!"

Likita ta buɗe takardar sakamako. Ta dubi Tsalha ta ce, "Baba Tsalha, maganar ta shafe ka. In faɗa?"

"Faɗi, 'yata. Ni ba ni da suna da zai zube."

Ta ce, "To. Kwalbar da aka ba Baba Namadi, maganin gaske ne a ciki."

Fili ya kaure da sowa. Wani ya ce, "Farfesa ikon Allah!" Ɗan jarida ya matso da na'urarsa. Mutum ɗaya ne a wurin bai yi murna ba. Murmushin Namadi na nan a fuskarsa, amma ya bushe, kamar wanda aka manna. Kwalbar da aka ba shi? Wadda ya juye wa Tsalha da hannunsa?

"Sai dai akwai abin da ya ɗaure mana kai," in ji likita. "Maganin nan yana bayyana a jini. Mun auna na Baba Namadi a tsakiyar gwaji, mun auna a ƙarshe, ko ɗigo babu. Baba Tsalha kuwa, da aka ba ta bogi, jininsa cike yake da magani. Mun zargi injinmu, mun sake aunawa. Haka dai. Dole muka cire su biyun daga lissafi, wahalar banza. Baba Namadi, ko dai ba ka sha ba ne?"

Gaba kura, baya sayaki. In ya ce bai sha ba, to me ya rataye masa sanda? In ya ce ya sha, to na wa?

Ya buɗe baki ya ce, "Bincike ya nuna..." Ya ɗaga kai ya dubi rana. Ko azahar ba ta yi ba.

Tsalha ya miƙe a hankali yana tafa hannu. "La'ilaha illallahu! Ranar babbar riga! Rigar da ba ta da ko lanƙwasa ka kawo guga, na dawo na tarar da aljihuna a zazzage. Taubashi, ashe ƙugin cikina ka yi wa sata? Ai ɗanwaken Ladi ne! Ranar da ta daina dafawa da yawa ya daina kwantai, ranar cikina ya yi shiru."

Dariya ta ɓarke, har mai unguwa ya cusa fuska a hannun riga. Tsalha ya ɗaga hannu.

"Tsaya, ban gama ba. Na gode da magani, Allah ya saka. Likita, shi wannan da ya sace ya yi wata da watanni yana sha, yana bin jijiya yana zuba mai kamar bakanike, mene ne a ciki?"

"Sitaci ne, Baba."

"Sitaci? Irin wanda nake zuba wa shadda?"

"Ɗan'uwansa ne. Na masara, ba ya cutarwa."

"Allahu akbar! Shi ya sa mutum ya miƙe ƙyam! Haba taubashi, da ka yi mini magana, ai ga shi nan bokiti guda a shago. Da na tsoma ka, na shanya, na bi ka da dutse, ba sai ka wahalar da jami'a ba."

Zufa ta karyo wa Namadi, ta jiƙa hula, ta gangaro wuyan riga. Ya ajiye lasifika ya juya zai sulale ta bayan rumfa. Taku ɗaya, biyu, a na uku gwiwa ta ce ƙas! Ya dafe kafaɗar ɗan jarida, bakinsa daidai kan na'ura, ya ce, "Wash!"

Tsalha ya ce, "Jama'a a ɗauko wa Malam Namadi sandarsa, kujera kuma a kai mini inuwa. Gumi ya jiƙa shi, sitacin ya saki."