Rasuwar Tukunyar Hayaƙin Motar Mai Ƙwai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, ni mai ƙwai na bakin kasuwa, a madadin kaina da matata da tsohuwar motarmu, nake sanar da 'yan uwa da abokan ciniki rasuwar tukunyar tace hayaƙin motata, wadda makanikai ke kira katalis. Rai ya yi halinsa ranar Talatar makon jiya da hantsi, a tsakiyar hawan gada, da kiret arba'in na ƙwai a bayana da dogon layin motoci suna danna mini hon. Ta rasu tana da shekara ashirin da uku, bayan doguwar jinyar da ban san tana yi ba.

Ga waɗanda ba su san marigayiya ba, kuma ni ma a cikinsu nake har makon jiya, tukunyar ƙarfe ce da ke kwance a ƙarƙashin mota, tsakanin inji da salansa. Cikinta ƙananan ramuka ne kamar saƙar zuma. Duk hayaƙin da inji ya amayar ta cikinta yake bi, ta tace dafinsa kafin ya fita wa bayin Allah. Ba ta taɓa neman mai ba, ba ta taɓa neman ruwa ba. Batir ya sha kunyata ni a gaban surukai, tayoyi sun sha kwana da ni a gefen titi, amma ita ko fuskarta ban taɓa gani ba. Abin da na sani nata kawai wani ɗan sauti ne, tik, tik, tik, da take yi idan na kashe mota a ƙofar gida tana hucewa. Shi ma a zatona inji ne.

Ciwon ajalinta da wari ya fara, warin ruɓaɓɓen ƙwai. To jama'a, ku yi mini adalci. Mutum ya shekara goma sha huɗu yana sana'ar ƙwai, motarsa shaƙe da ƙwai tun daga but har kujerar gaba, sai ya ji warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wa zai zarga?

Yayan matata na zarga. Shi ke da gonar kajin da nake sari, shi ya koya mini sana'ar, shi ya ɗora mini kiret ɗin farko a mota da hannunsa. Mako uku ina sunsunar ƙwai ɗaya bayan ɗaya a tsakar gida ban sami ko guda mai laifi ba, amma hancina ya riga ya yanke hukunci. Ran da mai gidan burodin da nake kai wa ƙwai ya toshe hanci da na buɗe but, ya tambaye ni ko kayan nan na yau ne, sai raina ya ɓaci. Na juya mota na nufi gona, na sauke kiret talatin a bakin ƙofa, a gaban ma'aikatansa, na ce, "Yaya, in don ina auren ƙanwarka kake cusa mini ruɓaɓɓu, ga kayanka nan."

Bai ɗaga murya ba. Ya sa aka kawo kwano, ya fasa ɗaya, ya fasa biyu, har goma, kowanne gwaiduwarsa a tsaye lafiya lau. Ya ɗago ya ce, "Ka gama?" Na ce na gama. Ya ce, "To, Allah Ya haɗa ka da wanda ya fi ni." Ya goge hannu ya shige ciki, ni kuma na tafi ina ganin na yi bajinta.

Na koma sari a wata gona, wari ya bi ni. Na sake wata, ya riga ni shiga mota. Na wanke kujeru da sabulu, na turara turare har idona ya yi ja. Matata ta ce, "Maigida, anya ba motar ba ce?" Na ce mata me ta sani a kan mota. Ashe a gidanmu ita kaɗai ta sani. Daga nan marigayiya ta fara kakari, kwaram, kwaram, kamar tsakuwa a gwangwani. Ƙarfin mota ya riƙa tsiyayewa, in taka totur har ƙasa, ita kuma tana jan jiki mai keke yana wuce mu. Fitilar gargaɗi kuwa ta daɗe a kunne, har na daina ganinta. Haka muka yi ta lallaɓawa har ranar gada.

Da aka jawo mu gareji, aka kwashe ƙwan a wata motar, bakanikena ya tayar da inji ya zagaya baya. Sunsuna ɗaya ya yi ya ce, "Katalis ce." Ya kwanta a ƙasa ya buga ta da dunƙulen hannu, ta amsa masa da kwaram ɗinta na ƙarshe. Sannan ya sassauta mahaɗar da ke gabanta don hayaƙi ya sami mafita, nan take inji ya yi gurnani kamar sabo. Ya ce, "Ka gani? Toshewa ta yi, inji ba ya samun numfashi. Fulogi ɗaya ya daɗe da mutuwa, ɗanyen mai yana gangarowa cikinta yana ƙonewa, har cikinta ya narke."

Na ce, "Warin fa?"

Ya ce, "Ai shi ne kukanta na farko. Haka suke yi in za su tafi."

Na ce, "Kana nufin ba ƙwai ba ne?"

Ya ce, "Wane ƙwai, maigida? Ga motarka nan fayau."

Na nemi wata tsohuwar taya na zauna. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango na wanda ko laifin ba shi da shi.

An yi wa marigayiya magajiya. Sabuwa dai, da aka faɗi farashinta, mun yi mata sallama daga nesa. Bakanike ya ce zai iya haɗa mini bututu zalla, amma mota za ta yi ƙara ta yi hayaƙi, masu duba lafiyar motoci kuma su riƙa tsayar da ni kullum. Sai muka ɗauko ta hannu daga wata mota da ta yi hatsari. Sauran kusoshin marigayiya sun yi tsatsa sun ƙi kwancewa, sai da mai walda ya yanke ta da wuta, aka canza fulogai duka huɗu. Na tambayi bakanike tsawon ran magajiyar, ya ce shi ma bai san wahalar da ta sha a gidanta na farko ba. Yanzu mota tana hawa gada ba tari, wari kuma ya ɗauke tsaf.

Marigayiya ta rasu ta bar inji, wanda ya shayar da ita hayaƙi tsawon rayuwarta, da ƙanwarta salansa, da fulogai uku da ba ruwansu amma aka sallame su tare da mai laifin. Ta bar ni. Ta kuma bar matata, wadda yanzu take zuwa gidan yayanta ita kaɗai a motar haya, ta dawo ba ta ce mini an gaishe ni ba. Ko sau ɗaya ba ta ce "ai na gaya maka" ba, kuma wallahi da ta faɗa da na ji sauƙi. Na kira Yaya a waya har na gaji, ba ya ɗauka. Sau biyu ina zuwa gona maigadi yana ce mini ba ya nan, alhali ga takalmansa a ƙofar ofis. Magana zarar bunu ce, kuma tawa a gaban ma'aikatansa na zare ta. Ban san abin da zan yi ba kuma.

Game da jana'iza, na tuntuɓi liman, ya ce in ji tsoron Allah. Saboda haka babu wanka, babu salla. Gawar tana gareji a naɗe cikin buhu, a ƙarƙashin teburin bakanike, zuwa ranar Alhamis bayan la'asar, lokacin da mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo ɗaukarta. Da ƙyar na roƙi a jinkirta zuwa ranar. Bakanike ya yi alkawarin yi wa duk wanda ya zo bayani, kuma kowa yana iya ɗaga ta ya girgiza ya ji da kunnensa.

Za a karɓi gaisuwa a nan gareji, a kan bencin da ke inuwa. Ba na buƙatar taro. Roƙona ga duk wanda hanyarsa ta bi ta gonar kaji, ya tsaya ya gaya wa mai ita cewa ƙwansa lafiyarsu ƙalau, dukansu, tun na farko. Ya gaya masa ya zo ya ga gawar ko da ba zai dube ni ba, don ita kaɗai ce shaidata cewa jahilci ne ya sa ni, ba raini ba. Zan zauna tun azahar, na bar masa wuri a gefena. Bayan la'asar za a ɗora ta a sikeli a tafi da ita.