Takardun Canjin Pakcik Osman

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya a kantin ƙasan benenmu a unguwar Danau Kota, can ƙasar waje inda nake karatu, ina koyar da tattalin arziki ba, alhali ba wanda ya tambaye ni.

Lokacin kullen korona ne. Sulalla sun yi wuya, sai kwamitin mazauna benen ya buga 'yan takardu masu hatimi, na sen (kwabon ƙasar) ashirin da na hamsin, mai kanti ya riƙa ba da su a madadin canji. Ni kuwa digiri na uku nake yi a fannin kuɗi (wata huɗu tallafin karatuna bai zo daga gida ba, amma girman kai yana nan daram). Abinci dai bai taɓa yanke mana ba, ni kuma ban taɓa tambayar matata Hadiza yadda take yi ba.

Ranar na sayi burodi, sai tsohon mai kantin, Pakcik Osman (wato Kawu Osman a yarensu), ya miƙo mini takardu biyu. Na ɗaga murya ta cikin takunkumi, gaban mutanen da ke layi, na ce babban banki kaɗai ke da ikon buga kuɗi, wannan cutar talaka ce kawai. Na yayyaga su na watsa masa a tebur. Ya ce, "Tak apa lah," wato ba komai, ya lalubi aljihunsa ya ba ni sulalla.

Na hau sama ina ba Hadiza labari kamar wanda ya ci yaƙi. Ko murmushi ba ta yi ba. Ta ɗauko gwangwanin madara ta buɗe, cike da irin takardun. Ashe tun da maƙwabta suka gane halin da muke ciki suke bar wa tsohon canjinsu, shi kuma ya tara ya zuro ta ƙasan ƙofarmu, don kada mu ji nauyin karɓa hannu da hannu.

"Abban Hanifa, shinkafar da ka ci ɗazu da su na saya."

Kunya ta rufe ni har na kasa haɗa ido da ita. Na sauka in ba tsohon haƙuri, na tarar yana liƙe guntayen da salatif. Ya ce ai ba asara, gobe ma gidanmu za su je.

Digirin na samu daga baya. Amma yanzu kafin in yi wa mutane lacca a kan kuɗi, nakan fara tambayar wa ya ciyar da ni ranar.