Rasuwar Mai Fito, Motar da Aka Hana a Buɗe wa Ciki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, babban ɗan gidan marigayi malamin makaranta yake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar motar mahaifinsa, wadda aka fi sani da Mai Fito. Ta cika ranar Litinin da hantsi a ƙofar asibiti, bayan ta sauke Inna.

Sunan ya samo asali ne daga turbo ɗinta, na'urar da ke hura wa inji iska. Idan ta ɗauki hanya sai a ji fiiiiii, siriri, kamar mai kiran tattabaru. Da wannan fiton yaran gidan suke sanin Baba ya shigo layi, kowa ya nemi littafinsa.

Marigayiyar ba ta da ƙiwa. Ba ta taɓa sa surukin gida turi ba. Bayan rasuwar Baba, ita ce mai kai Inna wankin ƙoda, kuma Inna ba ta shiga wata mota sai ita. Kujerar gaba tata ce, har da lotsawar da ta yi daidai bayanta.

Ciwon ajali ya fara ne da ɗingishi. Da safe inji ya riƙa tuf-tuf-tuf, ya yi shiru, ya kama. Sitiyari na karkarwa, salansa na fitar da hayaƙi shuɗi. Babban ɗan ya kai ta gareji. Bakanike ya kwance fulogi, ya ɗaga shi a rana: baƙi ƙirin, jiƙe da baƙin mai. Ya sauya koyil, mai ba fulogi wuta, daga wannan silinda zuwa waccan don ya ga ko ciwon zai bi shi. Bai bi ba. Ya cire bututun iska ya zura yatsa, yatsan ya fito da maiƙo. Hukuncinsa gajere ne: turbo na yoyon mai zuwa cikin inji, sai an buɗe.

Inna ta hana. An buɗe mijinta a ɗakin tiyata bai tashi ba, ba za a buɗe motarsa tana da rai ba. Ɗan ya yi bayani, ya zana mata a takarda, ya turo kawu ya roƙa. Ta juya fuska bango. Ya san abin da ya kamata a yi, ya kuma san wadda ta haife shi. Ya bi ta biyun.

Daga nan jinya ta koma wankin fulogi. Duk jajiberin zuwa asibiti sai ɗan ya durƙusa a tsakar gida da gwangwanin fetur da tsohon buroshin haƙori, ya goge, ya shanya, ya mayar. Kwana biyu ta yi lafiya, na uku ta koma tari. Ya sayi sababbi, suka yi baƙi. Ana maganin ƙaba kai na kumbura. Fiton ya koma kuka, kukan ya koma ƙarar ƙarfe na cin ƙarfe. Maganarta ta ƙarshe ita ce gaf.

Sai bayan ta cika aka buɗe ta. Abin da bakanike ya faɗa shi aka tarar.

Ta rasu ta bar taya huɗu da safaya ɗaya marar iska, da batir mai sauran numfashi, da kwalin fulogai marayu a bayan ƙofa, da tabon mai a inda take kwana. Ta bar Inna, wadda aka dawo da ita gida a motar haya, idonta rufe.

Za a ja gawar gobe da safe daga gareji zuwa wurin masu sayen ƙarfe. Ba a buƙatar rakiya. Masu zuwa gaisuwa su bar "ai da an buɗe" a waje tare da takalmansu. Ɗan ya kwance kujerar gaba da hannunsa, yana neman mai motar da zai yarda a ɗaura ta a tasa. Inna tana da wankin ƙoda ranar Alhamis, kuma ba ta ce za ta je ba.