Rasuwar Hoton Firnwil, Garin da Ruwa Ya Ci Sau Biyu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, ni Annelis Zgraggen nake sanar da sauran mutanen Firnwil, duk inda suka watsu, rasuwar hoton garinmu da ke rataye a ɗakina.

Wani mai zane da ya sauka gidan kakana ne ya yi shi. Ban riƙe sunansa ba. Ya ƙara wa duwatsunmu tsawo, ya zuba wa sama ruwan zinariya, har shanun maƙwabcinmu Balz ramammu ya yi musu ƙiba. Amma gida bai saka ko ɗaya inda ba nan yake ba. Marigayin mai haƙuri ne, ba ya magana, sai ɗan ƙas-ƙas da katakonsa ke yi idan an hura murhu.

Shekarar da aka gina madatsa, ruwa ya rufe garin, a bayana na goyo hoton. Gilashinsa ya fashe a hanya. Ba mu sake sa wani ba, don duk ranar da shanu suka sauko daga tsauni mutanenmu kan taru a gidana, kowa ya ɗora yatsa a kan ƙofar gidan ubansa a jikin hoton. Daga nan ciwon ya faro. Gidan Balz ne ya fara gogewa. Dorli, 'yar garinmu, ta ce masa, "Kai tsohon banza, da hannun cuku kake taɓawa? Ka cinye gidanku!" Ya ce, "Ke fa? Ina rufin naku?" Aka yi dariya, ba wanda ya janye hannu. Namu gidan kaɗai ya rage, don ni da ido nake taɓa shi.

Bana dusar ƙanƙara ta narke a rufi, ta biyo bango. Ina kwance asibiti. Da na dawo, na tarar coci, gada da gidanmu na jikin hoton sun zama laka ɗaya.

Ya bar ƙusa a bango, da farin gurbin da hayaƙi bai taɓa ba. Ya bar Dorli, wadda ba ta gani yanzu. Ya bar jikokina, da ba su san Firnwil ba sai a jikinsa. Ya bar ni.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi bayan coci, a bakin madatsa, yanzu da ruwa ya ja har kan hasumiyar cocin Firnwil ya leƙo. Za mu ɗaura masa dutse mu mayar da shi gida. Kada a kawo furanni. Wanda ya tuna ko ƙofar gidanmu gada take kallo ko coci, ya zo ya faɗa mini kafin a sake shi. Tun jiya nake nema a kaina, ban samu ba.