Randar da Aka Hana Gumi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da farce mai ɗauke da shuɗin fenti har yanzu, ni Abdul-Radi Hassanein, malamin nahawu a ƙauyenmu na kudu da garin Esna a ƙasar Masar, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar randar gidanmu. Ta cika ranar Talata bayan azahar, a rana ta shida ga watan Ba'una, watan da kakanninmu suka ce yana fasa dutse. Shekarunta talatin da ɗaya.

Marigayiya ta shigo gidan nan a bayan jaki, tun mahaifinmu yana da rai. Ba ta taɓa neman lantarki ba, ba ta taɓa yin fushi don an ɗauke shi ba. Aikinta guda ne: ta tsaya a inuwar zaure, inda iska ke ratsawa, ta yi gumi. Ruwa ya tsattsafo ta jikinta, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin da ke ciki. Da haka ta shayar da mu ruwan sanyi a ranakun da ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Maganarta ba ta wuce biyu ba: ɗis, ɗis, a cikin tasar da ke ƙarƙashinta, sai kuma ɓulɓul idan an tsoma moɗa.

Tun da firij ɗinmu ya riga ta gidan gaskiya bara, ita ta karɓi amana mafi nauyi. Mahaifiyata, Hajja Nabawiya, tana da ciwon suga, ruwan allurarta kuma ba ya jure zafi. A cikin kwalba mai murfi muke sa shi, mu ɗaura zare, mu zura cikin randa. Shekara guda cur bai lalace ba.

Rashin lafiyarta ya faro ne daga hannuna. Na sa an shimfiɗa sabon tayil a zaure, sai na ga danshinta yana ɓata shi, ga gansakuka a gindinta. Na ce tsufa ne ya sa take yoyo. Na sayo fentin mai, shuɗi mai duhu, na shafe ta sau biyu, har na ja baya ina yaba aikina.

Ɗigon ya tsaya. Na ɗauka lafiya ta samu.

Kwana uku bayan haka Hajja ta kurɓi ruwa ta furzar. Ta ce, "Kai Abdul-Radi, shayi ka dafa mini ka manta da ganyen?"

Na garzaya wurin Baba Shahat maginin tukwane, wanda bai san baƙi ko ɗaya ba. Ya saurare ni har ƙarshe, ya goge hannu a riga, ya ce, "Malam, kai in aka shafe ka da fenti a Ba'una, kwana nawa za ka yi? Gumin shi ne ranta. Ka toshe mata ƙofofi, zafi ya shiga ya rasa mafita, ga shi ka ba ta launin da ke jan rana. Allah Ya ƙara ilimi."

Na dawo na hau kankara da wuƙa. Fentin ya riga ya shige ƙasar jikinta. Na ƙara ƙarfi. Kalmarta ta ƙarshe ita ce ƙas, sai ruwa ya malale a kan tayil ɗin da na so in kare.

Ta rasu ta bar moɗar dalma ɗaya, murfin katako, da ƙafar ƙarfe mai tsatsa da ake ɗora ta a kai, wadda ke tsaye babu kowa a kanta. Ta bar kyanwar gida, wadda ke zuwa tana shinshina wurin da ta saba kwanciya. Ta kuma bar kwalaben allura biyu, marayu, naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma a bakin taga. Tsumman yana bushewa kafin in gama sallah raka'a huɗu. Baba Shahat ba zai kunna wutar gashin tukwane ba sai nan da kwana tara, asibiti kuma ba sa ba da sabon magani sai farkon wata. Rediyo ya ce jibi zafi zai kai maki arba'in da bakwai. Yau da safe Hajja ta ɗaga kwalba ɗaya tana duban ta a haske, ta daɗe, sannan ta mayar da ita cikin tsumman.

Za a yi jana'iza gobe Alhamis da hantsi, kafin ƙasa ta ɗau zafi, a bayan gida kusa da bishiyar dabino. Ni zan haƙa ramin, tunda ni na jawo shi. Ba za a kafa rumfa ba, ba za a raba gahawa ba. Duk mai zuwa ta'aziyya ya bar dogon jawabi a gida, ya zo da ƙanƙara ko da rabin bulo ce, a naɗe cikin buhu, ya kuma yi sauri a hanya. Wanda yake da tsohuwar randa da ba ya amfani da ita, komai muninta, ƙofarmu a buɗe take, kuma na rantse ba zan gyara ta ba.

Ku taya ni addu'a wannan ta zama sanarwar rasuwa ɗaya tilo da zan rubuta a wannan wata.