Rasuwar Sannu-Sannu, Motar Alhaji Maccido

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da miƙa wuya ga abin da ba shi da makawa, iyalan Alhaji Maccido, tsohon malamin gona, haifaffen Kebbe mazaunin Tambuwal, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motarsu, Fijo mai ruwan ƙasa a ƙuruciyarta, ja wur a ƙarshen rayuwarta, wadda gari ya sani da suna Sannu-Sannu. Ta cika ranar wata Lahadi da hantsi, a kan hanyar gona daf da Kebbe, tana da shekara arba'in da ɗaya a hannun mai ita.

Da so samu ne, a nan sanarwar za ta tsaya. Abin da ya sa ta yi tsawo shi ne maganar da ta riga gawar isowa gida, wai baki ne ya kashe ta, kuma wai an san bakin wa. Zulfa mai masa ake nufi, maƙwabciyar gidan. Mako uku ke nan ƙullunta na kwana a roba. Waɗanda suka shekara ashirin suna karya kumallo a gaban tandarta sun koyi bi ta bayan layi, kuma a wani suna da aka yi a unguwa, da ta miƙa hannu za ta karɓi jariri, uwar ta ce barci yake, alhali idonsa biyu yana kallon rufin ɗaki. Malama Mardiya, maiɗakin Alhaji, ta koyar da kimiyya shekara talatin da biyar, kuma ba ta taɓa ba ɗalibi maki a kan amsar da bai nuna yadda ya samo ta ba. Ta ce ita ma sai an nuna mata aiki.

Kafin a kai ga nan, haƙƙin mamaciya ne a faɗi alherinta.

Marigayiya mai haƙuri ce, mai kawaici, ba ta taɓa tsere da kowa ba. Duk wanda ya zauna a layin ya san gaisuwarta ta safe: kyar-kyar-kyar, sai shiru kamar tana tunani, sannan tuf, tuf, tuf-tuf-tuf. Yara uku na gidan ita ta kawo su daga asibiti a naɗe cikin zane. Ta ɗauki taki zuwa Jabo, ta ɗauki amare, ta ɗauki marasa lafiyar da ba nata ba, ta taɓa ɗaukar ɗan maraƙi a kujerar baya ba ta yi ƙorafi ba. Doguwa ce. Cikinta nesa yake da ƙasa, shi ya sa kwazazzabo da tudun da ke mayar da sababbin motoci baya ita takan haye su tana rangaji kamar tsohuwa mai tallan nono. Ba ta da sauri, wannan gaskiya ne, amma ba a taɓa jin ta kwana a hanya ba.

Ciwon ajalinta ya fara ne a majalisar bayan la'asar, kuma ba a jikinta ya fara ba. Taubashin Alhaji, Ɗanmaliki, ya rantse a gaban jama'a cewa da idonsa ya ga mai keke ya cim ma Alhaji a hanyar Dogon Daji, ya jera da shi, ya gaishe shi, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya har da na goye, sannan ya nemi izini ya wuce. Aka yi dariya har wani ya ƙware. Alhaji ma ya yi dariya, amma da ya dawo gida tuwo loma uku ya ci.

Washegari ya kai ta wurin Ɗangiwa bakanike, wanda ya san cikin motar nan fiye da yadda ya san cikin ɗakinsa. Wata biyu ta yi a kwance. Aka buɗe inji aka wanke aka sake zobba. Aka sa mata kafireta mai baki biyu, aka cire salansar da ta zo da ita aka ɗaura wata mai faɗin bakin turmi. Aka kankare ruwan ƙasa aka fesa ja. Aka kawo tayoyi masu faɗi da wili mai ƙyalli, aka duhunta gilasai, aka cika but, wurin kaya na baya, da sifikun rediyo, ta yadda buhu ɗaya ma sai an lallaɓa. Duk wannan Ɗangiwa ya yi ba musu. Sai da Alhaji ya nuna masa hoton wata mota a waya, cikinta kamar zai shafi ƙasa, ya ce a yanke sifirin da ke ɗage ta daga ƙasa a sauke ta haka.

Ɗangiwa ya goge hannu da tsumma ya ce, "Alhaji, wagga mota tsayinta shi na lahiyatta. In munka rage, daga kwalta sai kwalta."

Alhaji ya ce, "Yanke dai. Ni ka tuƙa ta ko kai?"

Aka yanke.

Ranar da ta dawo gida, tun daga tasha aka ji ta. Tuf-tuf ɗin nan na dattako ya tafi, sai wani farrr-fat-fat da ya watsa kajin unguwa. Zulfa na bakin tanda, ta miƙe da cokalin juya masa a hannu ta ce, "Alhaji, amarya kay yi ba ka gaya muna ba? Wagga ko cikin Sakkwato sai an waiwaya." Abin da ta faɗa ke nan, babu ƙari. Alhaji ya ji daɗi har ya sayi masar da ba a bukata.

Yayarsa, Hajiya Ummu, tana zaure a lokacin. Ta jira ya shigo ta ce, "Maccido, ka ji ta? Ko tubarkalla ba ta ce ba. Tashi ka nemo abin da za ka liƙa tun ba a yi nisa ba." Alhaji ya wuce saba'in, amma har yau in Yaya Ummu ta ce tashi, tashi yake yi. Ya je tasha ya sayo sitika uku. A tuna da su.

Adalci ne a rubuta cewa aikin ya yi. Kwana goma sha tara marigayiya ta yi tana budurci. A kan kwalta ta zama wata halitta daban, kuma sau ɗaya, tsakanin Tambuwal da Dogon Daji, ta wuce bas cike da fasinja, direban ya leƙo yana duba ko wane ne.

A rana ta ashirin aka tashi zuwa sunan jikar gidan, Madina, a wani ƙauye gefen Kebbe. Mutum biyar a ciki, da buhun gero, da rago. Da aka kusa, Alhaji ya saki babbar hanya ya bi ta gona, yanken da ya shekara arba'in yana yi. Ba a yi nisa ba aka ji gau daga ƙasa. Malama Mardiya na kujerar gaba, ta ce, "Alhaji, an taɓa wani abu." Ya ce, "Ba komi, ta saba." Da wa'azin da ke fita daga sifiku da rurin salansa, ba wanda ya ƙara jin komai, sai can gaba da wani sauti ya taso daga cikin inji, ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar ana dakan ƙarfe. Ta yi shessheƙa sau biyu ta tsaya. Kalamanta na ƙarshe ke nan. Rago da baƙi a amalanken shanu suka isa wurin suna, Yaya Ummu na zaune a kan buhun gero tana cewa ai ta faɗa.

To, ga yadda Malama ta bi maganar.

Da farko ta gwada bakin. Akwai wani zakara a gidan baya da ya daɗe yana tone mata yakuwa. Ta kira Zulfa ta ce, "Zo ki yaba min zakaran ga, kuma kada ki ce tubarkalla."

Zulfa ta dube ta, idonta ya kawo ruwa. "Malama, har da ke?"

"Gwaji nika yi, ƙanwata. In bakinki na kisa, ni ma in amfana."

Zulfa ta yi dariyar da ta kwana biyu ba ta yi ba, ta yabi zakara tun daga jan tsoron da ke bisa kansa har ƙafa. Kwana bakwai tana zuwa tana yabo. Zakara yana nan. Ya ƙara ƙiba, yakuwa ce ta ƙare.

Malama ta san wannan ba zai ishi mutane ba, za su ce zakara ba mota ba ne. Sai ta hau bas zuwa Kebbe, ta hau babur zuwa hanyar gonar, ta sauka inda aka ji gau. Dutse ne, tsayinsa bai kai taƙi ɗaya ba, wanda marigayiya ta haye sau ɗari ba su ko gaisa ba. Kansa ya yi fari inda ƙarfe ya goge shi. Daga gindinsa wani baƙin layi ya kama yashi, da kauri da farko, sannan ɗigo-ɗigo. Ta sa mai babur ya bi layin a hankali, tana kallon ƙasa, har inda ya ƙare. A nan amalanke ya ɗauke su ranar suna. Mai babur ya ce tafiyar ta kai kilomita biyar.

Daga can garejin Ɗangiwa ta nufa, inda aka ajiye gawar. Ya kwanta ya nuna mata kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin inji, ya tsage kamar ƙwaryar da aka taka. Ta ce ta gane. Abin da ba ta gane ba shi ne, motar da ta shekara arba'in tana faɗin ciwonta, yaya za ta zubar da mai kilomita biyar ba ta gaya wa kowa ba?

Ɗangiwa ya ce, "Hajiya, ai tana faɗi. Akwai jar wuta gaban direba. Da mai ya sauka sai ta kama."

Malama ba ta taɓa zama a kujerar direba ba. Shekara arba'in da ɗaya tana gefe, tana kallon hanya da gefen fuskar mijinta. Ranar ta buɗe ƙofar ta zauna, ta gyara tabarau, ta duba ta tsakanin sitiyari. Sitika ta farko tana gilashin baya, ta biyu tana gilashin gaba, kowa ya gan su. Ta uku tana nan a jikin gilashin agogon mota, a ƙasa ta gefen hagu, an liƙa ta tsaf an shafe da babban yatsa, ba ko kumfa: Hassada ga mai rabo taki ce.

Ta sa farce ta ɓanɓare. Ta ce wa Ɗangiwa ya haɗa batir. Ya haɗa, ta murɗa makulli. Jar wuta ta kama, ƙarama, mai siffar butar shayi.

Ɗangiwa ya daɗe yana kallon wutar, sannan ya ce, "Lahiyatta lau, Hajiya."

Da ta kai wa Alhaji sitikar a tafin hannu, ya juya ta gaba da baya. Ya ce ya zaɓi wurin ne don idonsa ya riƙa faɗawa kanta yana tuƙi. Sannan ya ce, "Malama, dole sai wanga ya shiga sanarwa?" Ta ce ƙullun Zulfa na kwana a roba. Ya mayar mata da sitikar. Ya ce to a sa, amma a rubuta cewa ta wuce bas. An rubuta.

Marigayiya ta rasu ta bar mai gidanta, wanda yanzu yake zuwa majalisa a ƙafa, likita ma ya ce hakan ya fi masa. Ta bar tayoyi huɗu da ba su ga duniya ba, da batir da ya koma hasken zaure, da sifiku da makarantar Islamiyyar unguwa ta nuna sha'awar riƙo. Ta bar guntayen sifirin guda huɗu, waɗanda Ɗangiwa bai yar ba, ya rataye su a ƙusa tun ranar da aka yanke, ya ce zuciyarsa ce ba ta ba shi ba. Ta kuma bar wani wuri a ƙofar gida, ƙarƙashin dalbejiya, inda ƙasa ta yi baƙi da ɗigon shekaru, awaki sun fara kwanciya a kai.

Za a yi sallama da ita ranar Asabar da hantsi a garejin Ɗangiwa, bayan tasha, inda 'yan gwangwan za su zo da motarsu su ɗauki abin da ya rage. Alhaji ya roƙi kada a sa guduma sai ya bar wurin. Daga nan za a zauna karɓar gaisuwa a zauren gidan, a kan kujerun marigayiya da aka riga aka ciro. An keɓe wa Ɗanmaliki ta baya, wadda maraƙi ya zauna.

Masar da za a ci ta Zulfa ce, kuma Hajiya Ummu ce ta ce ita za ta raba da hannunta. Za a kawo jaririya Madina daga Kebbe, uwarta ta ce a hannun Zulfa za ta yini. Agogon motar zai kasance a kan tebur a haɗe da batir, sitikar na gefensa, ga duk mai son ya murɗa makulli ya gani da idonsa.

An sauke motar taƙi ɗaya, ta daki dutse, mai ya zube. Wutar ta kama tun daga dutsen har inda ta tsaya, sitika na kanta. Zulfa cewa ta yi motar ta yi kyau, kuma ta yi.